Kankanar da Ba Mu Fasa Ba

Daga ƙofar gidanmu a Wheaton, nan Amurka, zuwa bakin teku tafiyar awa uku ce a mota, idan babbar gadar da ke hanyar ba ta cushe ba. Na san haka domin na sha kwatanta wa baƙi hanya. Ni dai ban taɓa kai matata da 'yata ba, alhali shekara goma sha huɗu muka yi tare, mu uku, a ƙasar nan. Rana ɗaya tak suka roƙe ni, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifin sai kaina.

Sana'ata yanke magana. A sashen Hausa na wani gidan rediyo nake aiki a cikin birnin Washington. Wasu a gida sun san muryata, amma rabin rayuwata a gaban kwamfuta na yi ta, da abin saurare a kunne. Wakili zai aiko da hira ta minti ashirin, a ce mini minti uku ake so. Sai in zauna in cire gaisuwa, in cire tari, in cire "to ka gane ko", in cire dariya, in cire inda mutum ya tsaya yana laluben kalma. Har numfashi nakan rage. Abin da ya saura shi muke kira labari. Sauran kuwa shara ne, ƙarshen mako a goge shi don a sami wuri. Na ƙware a wannan aiki har ina taƙama da shi. Idan wani ya tsare ni da dogon zance a ƙofar masallaci, yatsana na dama yakan motsa shi kaɗai a daidai inda ya kamata a datse shi.

'Yarmu ɗaya ce. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka bakina bai taɓa kama sunan ba, Uwata nake ce mata. Tana jin Hausa sarai, har habaici ba ya wuce ta, amma amsa sai da Turanci. Tun tana shekara bakwai ta kamu da son katun ɗin Japan, irin na yara masu manyan idanu da gashi kala-kala. Ni kuwa na kafa doka cewa ba za a kalli komai a gidana ba sai ina zaune, rimot a hannuna. Saboda haka duk Asabar bayan azahar muna kan kujera ɗaya, ita tana kallo, ni ina gadi. Ba zan ɓoye ba, mai gadin ma ya shiga ciki. Akwai faɗa, akwai dodanni, akwai maraya mai neman ɗaukar fansa, kuma mutanen nan sun iya ja wa mai kallo rai.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba ni haushi. Kowane labari, komai zafinsa, sai an zo wani kashi da za a ajiye takubba a tafi hutu. Dodo yana shirin cinye gari, an kashe malamin jarumi, kowa ransa a ɓace, sai kawai mako na gaba ka ga an cika jirgin ƙasa ana waƙa, an nufi bakin teku. A yi wanka, a binne wani a yashi ya rage kai kawai, a ɗaure wa wani ido da ƙyalle a ba shi sanda ya nemi kankana ya fasa, sauran suna ihu, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu. Shi ke nan fa, kashin ya ƙare. Idan aka gama wannan labarin aka ɗauko wani, na daban da mutane daban, nan ma sai an je tekun, sai an fasa kankanar. Haka kuma sai an yi bikin bazara, 'yan mata sun sa dogayen riguna masu furanni an kalli wasan wuta, sai makaranta ta kwashi ɗalibai an tafi wani tsohon gari an kwana ana dukan juna da matashin kai. Na ce wa Uwata mutanen nan kankana ɗaya gare su a ƙasar, ita suke ta ara wa juna.

Da zarar na ga ruwa shuɗi da laima, sai in danna rimot in tsallake. Dalilina biyu. Na farko kayan wankan da ake sa wa 'yan matan, wanda duka-duka bai kai hankici ba. Na biyu kuwa, kuma shi ne na gaskiya, babu labari a ciki.

"Baba, don't skip it!" in ji Uwata, tana kama mini hannu.

"Me za a yi a ciki? Faɗa mini abu ɗaya da zai faru."

Ta amsa da Turanci cewa babu abin da zai faru, kuma shi ya sa take son sa. Babu wanda zai mutu.

"To kin gani. Shara ce. Da a wurin aikinmu ne, ko minti ɗaya ba zai kai iska ba."

Mahaifiyarta ba ta damu da faɗan ba ko kaɗan. Tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, Asabar ce ranar girkinta na mako, don haka tana kicin muna falo. Amma akwai wani ƙwaro mai kuka kamar gyare da suke sa ƙararsa a duk kashin hutu, kuma da ta jiyo shi sai ta fito, muciya a hannu, ta tsaya a bayan kujera. Muciyar nan daga Kano ta zo da ita a akwatin aurenta, ta yi baƙi ta yi santsi saboda tuƙa tuwo.

"Malam, bar mana wannan, don Allah."

"Ba ki ga shigarsu ba?"

"Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibiya," ta ce tana dariya. "Kai ka rufe naka idon."

Wani lokaci ta ci nasara, sau da yawa kuwa ni ke ci, tunda rimot a hannuna yake. Abin da ya fi burge ta shi ne tafiyar makaranta. A ƙarshen kowace tafiya za ka ga yaran sun cika kanti suna ta ruɗewa, wannan na neman abin da zai kai wa kakarsa, wancan ƙanwarsa. Ta ce mutanen nan akwai jinin Hausawa a jikinsu, ba sa komawa gida hannu rabbana, sun san tsaraba. Kankanar kuwa duk lokacin da aka fasa sai in ce almubazzaranci, ita kuma ta ce ai ci suke yi bayan nan, kuma tana son ta ga ranar da za a ɗaure mini ido, ta ga ko zan ji maganar wani sau ɗaya a rayuwata.

Kada a ɗauka ba ma zuwa hutu. Muna zuwa, irin namu. Kwanakin hutuna na shekara ba na taɓa ko ɗaya, tarawa nake yi har watan Agusta, sannan mu ɗauki akwatuna shida mu nufi gida. Tun a jirgi nake fito da takardar da na rubuta duk rasuwa da haihuwa da auren da aka yi a dangi ba ma nan. Washegarin saukarmu za a fara: Gwarzo gaisuwar mutuwa, Bichi barka, Ɗambatta dubiya, a dawo cikin gari a bi gidajen ƙannen uba ɗaya bayan ɗaya, domin idan ka shiga wannan ka tsallake wancan ka ja wa kanka magana ta shekara guda. Zumunci a ƙafa yake, haka aka rene ni, kuma har gobe ban ce ƙarya ba ne. Amma yarinya mai shekara takwas abin da ta sani shi ne bayan mota, da durƙuso a ɗakuna masu zafi, da tsofaffi suna jan kumatunta suna cewa Baturiya ta zo. Kwana ashirin da ɗaya haka, sai mu dawo a gajiye, Litinin ta koma makaranta.

Tana aji huɗu aka kira mu ganawar iyaye da malamai. Malamarsu, wata dattijuwar Baturiya mai fara'a, ta fito da wata takarda ta ce sai ta karanta mana, domin rubutun 'yarmu ya fi na kowa a kan abin da suka yi da hutu. Ta karanta. Wai mun je bakin teku mu uku. Wai mahaifiyarta ta sa hula mai faɗi iska ta ɗauke. Wai an ɗaure wa babanta ido ya yi ta dukan yashi, kankana tana bayansa, har mama ta faɗi ƙasa don dariya. Malamar ta dube ni ta ce wannan al'ada tamu ta Afirka ta burge ta ƙwarai.

Na yi murmushin dole har muka fito. A mota na buɗe wuta. Na ce ni, wanda aikinsa gaskiya, 'yata ce za ta tsara ƙarya a takarda har a karanta mini? Na ce ina Gwarzo, ina kakarta, ina duk mutanen da suka yanka mata kaji? Ba su isa a rubuta su ba? Yarinyar tana baya tana kuka ba sauti. Da muka tsaya a fitilar hanya kusa da gida, mahaifiyarta ta juyo ta dube ni.

"Malam, ba ƙarya ta yi ba. Roƙo ta yi."

Maganar ta shige ni, amma girman kai bai bar ni na nuna ba. Na ce to, za mu je, baɗi in Allah Ya kai mu. Baɗi ta zo, aka aurar da ƙanwata, dole a tafi gida da wuri. Wata baɗin aka yi zaɓe, aiki ya hana kowa motsi. Na san akwai Asabar hamsin da biyu a shekara, kuma awa uku ba Makka ba ce. Amma a kaina tafiyar da babu gaisuwa a ƙarshenta, babu wanda za a duba, babu wanda za a yi wa ta'aziyya, ba tafiya ba ce, yawo ne. Mutum da girmansa ya tuƙa mota ya je ya zauna a yashi yana kallon ruwa? Duk lokacin da aka tayar da zancen sai in ce teku ba ƙafewa zai yi ba, sannu ba ta hana zuwa. Matata kuma ta ƙarasa mini, "Sai dai a daɗe ba a je ba."

A shekarar da Uwata ta cika sha uku suka haɗe mini kai. Suka zaɓi wata Asabar a watan Yuli, suka zagaye ta da jan biro a kalandar masallaci da ke rataye a kicin, suka sa na yi alkawari da bakina. Matata ta sayi hula mai faɗi, ta gwada a kan ɗankwalinta tana juyi a gaban madubi. Ranar Juma'a ta zaɓo kankana a kantin 'yan Koriya, sai da ta ƙwanƙwasa kusan goma kafin ta yarda da ɗaya, doguwa mai nauyi. Sanda kuwa ta ce ba sai an nema ba, muciyarta ta isa. Da safe muka loda kula da tabarma da buta, Uwata ta ɗora kankanar a cinyarta ta ɗaura musu bel tare.

Ban kai ga fita daga unguwa ba waya ta yi ƙara. Wani dattijo ɗan Nijar da ke zaune a Landover, ba nisa da mu, tsohon direban tasi, Allah Ya yi masa rasuwa da asuba, za a yi jana'iza bayan azahar. Ba ɗan uwana ba ne, amma shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na fara taka ƙasar nan, kuma mu a nan ba mu da yawan da wani zai ce wani ya wakilce shi. Na juya kan mota ban tambayi kowa ba. Matata ta cire hular ta sa a ƙarƙashin kujera, ta jawo mayafi. A wannan ban yi kuskure ba, ita ma ba ta ce na yi ba.

Kuskuren yana gaba. Bayan an dawo daga maƙabarta gidan mamacin ya cika, maza a falo, mata a ɗakuna da kicin, zafi kamar a gasa gurasa. Na ji wata mata tana cewa ruwan sanyi ya ƙare, babu abin da za a miƙa wa mutane. Ni da son a ce na kyauta, sai na ɗaga murya na ce akwai kankana a motata. Na je da kaina na ɗauko. Aka yanka ta a faranti biyu, ja wur, aka zagaya da ita. Kowa ya ɗauka yana cewa Allah Ya saka da alheri, wani ma ya ce bai taɓa shan mai zaƙinta ba a Amurka. Ina tsaye ina amsa godiya sai na hango Uwata a bakin ƙofar kicin. Aka miƙa mata farantin ta girgiza kai. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi, mahaifiyarta ta dafa kafaɗarta ta juyar da ita ciki.

A hanyar gida na ce ai kankana ba ta ƙare a kasuwa ba, za a sa wata ranar. Uwata ta juya fuskarta wajen taga. Lahadi ina da aiki, mako biyu bayan nan muka tafi Kano da takardar gaisuwata.

Da muka dawo matata ta fara rama. Ita da ke gwada jinin mutane kullum, nata sai da aka matsa mata. Ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Ba zan tsawaita a nan ba, domin har yanzu ba na iyawa. Ta daina aiki kafin sanyi ya shigo, ta koma kwanciya a doguwar kujerar falo da bargo biyu.

A watannin nan Uwata ta yi wani abu da ban sa ta ba. Ta bi duk katun ɗin da muka taɓa kallo tun tana shekara bakwai, ta tsamo kashin da na tsallake, ta jera su. Idan ta dawo daga makaranta sai ta zauna a ƙasa ta jingina da kujerar, su kalli ɗaya. Teku, biki, tafiyar makaranta, teku kuma. Babu dodo, babu takobi. Rannan na dawo da la'asar na same su, na zauna a gefe, rimot yana kan tebur ban taɓa shi ba. A karon farko na kalli abin daga farko har ƙarshe. Wani yaro da na san za a kashe shi kashi uku nan gaba yana ta gudu a bakin ruwa da guga a ka, abokansa suna bin sa. Na gane cewa da ban taɓa ganin yana dariya ba. Na ga mutuwarsa shekarun baya ban ji komai ba, ranar nan kuwa sai da na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska.

Da na fito na ce wa matata, da zarar ta samu sauƙi, ranar farko da rana ta yi ɗumi, za mu tafi. Na ce wallahi ko gobara ake yi a wurin aiki.

Ta dube ni ta yi murmushi. "Sannu ba ta hana zuwa, Malam."

Na jira ta ƙarasa kamar yadda ta saba. Ba ta ƙarasa ba.

Ta rasu a farkon bazara, itatuwan unguwarmu suna fitar da fure. A nan Maryland muka binne ta. Mutane sun yi mana kara, gidan ya cika kwana bakwai, har iyalan dattijon Landover suka zo da tukwanen abinci.

Bayan arba'in Uwata ta same ni a kicin ta ce tana son muryar mamanta. Ta tuna mini cewa wani azumi, shekara biyu baya, na zo da na'urar ɗaukar magana gida, na yi hira da mahaifiyarta tana suyar ƙosai, don wani shiri kan yadda matanmu ke haɗa buɗa-baki a Amurka. Na yi murna da na tuna. Washegari na nemo shirin a ma'ajiyar wurin aiki, na kawo mata a waya. Muka zauna na kunna. Ga muryar matata, tsaf, tana bayanin inda ake samun wake da yadda ake jiƙa shi, da abin da ake sawa a madadin tsamiya idan babu. Minti uku ba ko tari. Aikin gwani.

Uwata ta ce in sake kunnawa. Na sake. Sai ta tambaye ni, da Turanci, ina sauran.

"Wane saura?"

Ta ce ai ita tana wurin ranar da aka yi hirar. Ta ce kusan awa guda aka yi. Ƙosai ya ƙone, ƙararrawar hayaƙi ta tashi, mama ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa tana fifita da murfin tukunya. Ta ce mama ta kira ta sau biyu ta miƙo mata gishiri, ta kira sunanta, har ta yi mata waƙar da take yi mata tana ƙarama. Ina wannan?

Na san inda yake. Ni na yanke shi da yatsana, a rana ɗaya, ina shan shayi, kuma ƙarshen makon aka goge. Duk da haka na koma na tambayi masu kula da kwamfutocinmu, na roƙe su kamar mai neman gafara. Suka duba suka ba ni haƙuri. Matata ba mai son a ɗauke ta a waya ba ce, hotuna muke da su, da 'yan gajerun saƙonni na a sayo madara. Dariyarta wuri ɗaya ta taɓa shiga na'ura, kuma a hannuna ta shiga.

Da na gaya wa Uwata ba ta yi mini faɗa ba. Na so ta yi. Ta ce "Okay, Baba," ta shiga ɗakinta. Baƙin cikin da na ji ranar ya fi na ranar jana'iza, domin mutuwa daga Allah take, wannan kuwa aikina ne.

Da zafi ya shigo na sayo kankana na ajiye a kan tebur, na ce ta shirya Asabar mu tafi. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce ba a yin wasan da mutum biyu. Idan an ɗaure wa ɗaya ido ɗaya yana ba shi hanya, wa zai yi dariya? Kankanar ta yi kwana tara a wurin har ta fara laushi na fitar da ita. Ban sake tayar da zancen ba. Kallon Asabar ma ya mutu shi kaɗai. Muka zauna shekara huɗu a gida ɗaya cikin ladabi, tana gaishe ni safe da yamma, ina tambayar ta karatu, tana cewa lafiya.

A shekararta ta ƙarshe a sakandare ta kawo mini takardar izini. Ajinsu za su yi tafiyar bankwana, kwana biyu, zuwa bakin teku. Da can ko kwana ɗaya ban taɓa barin ta ta yi a waje ba, na sha mayar da irin takardun nan ba sa hannu, ina cewa ɗiya mace ba ta kwana a wani wuri. Wannan karon na karɓi biro na sa hannu ban karanta ba. Ranar tafiyar na kai ta makaranta da safe. Da ta sunkuya ɗaukar jakarta na ga kan muciyar ya leƙo ta gefen zif. Na yi kamar ban gani ba.

Ta dawo ranar Lahadi da yamma, fuskarta ta ƙara duhu, yashi a takalmanta. Ta gaishe ni, ta mayar da muciyar inda take rataye tun ranar da mai ita ta daina tuƙi. Sannan ta zauna a kujerar da ke kallon tawa, ta ce da Hausa, a hankali, tana taka kowace kalma kamar mai tsallaka ruwa:

"Baba, na kawo maka tsaraba."

Ta turo mini wani sauti a waya, minti ashirin da huɗu, daidai tsawon kashi ɗaya na katun ɗinta. Ta miƙo mini abin saurarena na aiki.

"Kada ka yanke komai."

Na sa a kunne. Iska ce ta fara, tana bugun wayar. Sai ruwa, yana zuwa yana komawa. Minti biyar babu muryar kowa. Wani tsuntsu ya yi kuka, wani yaro can nesa ya kira wani. Yatsana ya fara motsi a kan gwiwata, nan a yanke, nan ma a yanke, sai na danne shi da ɗaya hannun. Wajen minti na goma sha shida muryoyin 'yan mata suka matso, suna gardama da Turanci kan wa zai ɗaura wa wa ƙyalle. Sai ihu, dama, hagu, a'a ɗaya hagun. Na ji muciya ta daki yashi, tim. Ta sake, tim. Karo na uku ma yashi.

Sai Uwata ta fashe da dariya. Rabon da in ji ta yi dariya irin wannan tun kafin ciwon, lokacin muryarta ta yara ce. Yanzu ta girma. Dariya ce mai farawa a maƙogwaro, ta hau sama, ta katse kamar numfashi ya ƙare, sannan ta dawo da ɗan tari a ƙarshe. Na san ta. Shekara goma sha shida na yi ina jin ta daga kicin, a bakin matata. Ita ce na gani a fuskar kwamfuta rannan, tsakanin bayanin wake da bayanin tsamiya, na ja mata layi na cire.

Na ɗago. Tana zaune tana kallona, ba ta san abin da na ji ba, domin mutum ba ya sanin dariyarsa. Ta tambaye ni ko a tsayar ne, tunda ta ga hawaye. Na girgiza kai. Akwai sauran minti shida, kuma ba a kai ga fasa kankanar ba tukuna.